Boswajar Hajiya Gumsu

Duk wanda ya yi firamare a Fagge ya san Hajiya Gumsu, ƙanwar mahaifiyata, ko dai don muryarta ko don motarta. Wata 'yar Boswaja ce ruwan ƙwai, mai inji a baya, wadda ta saya da guminta tun tana sabuwar malama. Ta yi aure da ita, ta yi ritaya da ita, kuma ba ta taɓa ba wani sitiyari ba, har marigayi mijinta.

Sai dai birkin motar ya tsufa. In Hajiya za ta tsaya a bakin kasuwa, tun daga nesa take fara taka shi da iya ƙarfinta, tana salati. Ran nan a Kwaciri salatin ya ƙare, mota ba ta gama tsayawa ba, ta tunkuɗe baron wani mai rake. Ba wanda ya ji ciwo, amma babban ɗanta Usaid ya zo ya karɓe makulli.

"Inna, ba laifin mota ba ne," in ji shi. "Ƙafarki ce ta gaji."

Wallahi na ji haushin wannan magana. Matar da ke kai kanta asibiti da gaisuwar mutuwa da biki, yau ita za ta zauna jiran a zo a ɗauke ta! Ta koma ba ta cin abincin kirki. Da ta gaji da ɓacin rai, ta kira Nwabueze, bakanikenta na Sabon Gari, wanda a nan aka haife shi, Hausarsa ma ta fi tawa.

Ya jawo motar zuwa garejinsa, ya cire tsohon birkin gaba ya sa irin na motocin yanzu. Ya canza fulogi, ya wanke kafireta, ya kafa kunne a jikin inji yana murɗa sukuru har tarin da motar ke yi ya ɗauke. Da aka zo fitar da iska daga birki, aikin da sai wani ya zauna a ciki yana takawa, Hajiya ta hana kowa, ta shiga da kanta.

"Taka, Mama! Riƙe! Saki!" Nwabueze yana ihu daga ƙarƙashin mota. Da ya fito ya ce, "Mama, yanzu fa a hankali za ki riƙa taɓa shi. Wannan ba ya son faɗa."

Usaid ya yarda da gwaji ɗaya: ta kai shi Tashar Jirgin Ƙasa lafiya, ya mayar mata da makulli. In ba haka ba, a sayar da mota. Ya zauna a gaba yana cin magani, ni kuma ina baya.

Muna dab da tasha wani ɗan adaidaita sahu ya yanko mana ba ko sigina. Hajiya ta manta da gargaɗin Nwabueze sarai, ta danna birki da ƙarfin da ta saba. Mota ta tsaya cak. Hular Usaid ta yi gaba, goshinsa ya gaisa da gilashi, ni kuwa na tsinci kaina rungume da kujerarsa. Tsakaninmu da adaidaitar da sauran fili.

Usaid ya daɗe yana shafa goshi. Can ya ce, "Inna, ashe da sauran ƙarfi a ƙafar."

Daɗi ya kama ni har na yi guɗa a tsakiyar titi. Hajiya ta gangara gefe, ta miƙa hannu ta buɗe masa ƙofa.

"Ga tashar nan, mun iso. Sauka ka nemi abin hawa, ni ina da unguwa."