Ramukan da Baba Ya Toshe

Wata uku aka ba ni na gwaji a wani ɗakin gyaran na'urori a Samaru. Aikinmu saita na'urar da ke leƙa cikin ƙarfe da sauti, ta gano tsagewa ba tare da an fasa shi ba. Ana saita ta da wani dunƙulen ƙarfe mai ƙananan ramuka uku a gefe, waɗanda aka huda da gangan. In ta nuna ramukan daidai inda suke, lafiyarta ƙalau.

Baba mai walda ne a Sabon Gari. Na yi masa bayanin aikin nan har bakina ya gaji, kullum tambayarsa ɗaya: "To in kun ga tsagewar, wa ke liƙe ta?" In ce ba mu ba. Sai ya girgiza kai, ya ce boko dai da abin mamaki yake.

Wata Juma'a muka dawo daga aikin waje an rufe ofis, sai na tafi gida da ƙarfen, na ajiye a kan benci. Litinin, makon ƙarshe na gwajina, oga ya ce in saita na'ura kafin azahar. Na shafa wa ƙarfen giris, na ɗora masa na'urar. Ba ta nuna rami ko ɗaya ba. Na canza waya, na canza batir, na kwance bayanta ina bin sassan ɗaya bayan ɗaya. Komai lafiya, amma ramuka shiru. Kaina ya ɗaure tamau, har na fara zargin ko tun farko ban iya aikin ba.

Oga ya zo ya tsaya a kaina, ya ɗauki ƙarfen ya juya gefensa. Sumul, sai ƙyalli yake. Daga ƙasar waje aka kawo shi, kuma shi kaɗai gare mu. Ya ce in je gida sai an neme ni.

Na sami Baba a shago, raina a ɓace. Kafin in buɗe baki ya ce, "Kin ga ƙarfenki? Asabar na zauna masa, ko koyon waƙa ban je coci ba. 'Yar mai walda ba za ta kai ƙarfe mai rami ofis ba."

Na ce, "Baba, na'urar ba ta ga komai ba."

"Ko 'yar tsaga?"

"Ko kaɗan."

Ya cire tabaran walda, ya dube ni, idonsa ya ciko. Shekara talatin yana liƙe ƙarfe, ba wanda ya taɓa leƙa cikin aikinsa sai ranar. Na rasa ko in yi faɗa ko in taya shi murna. Kafin in yanke shawara, ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira ya zo ya ji.

Ba a neme ni ba. Har Baba ya rasu ban gaya masa dalili ba.