Harafi na Huɗu

Da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Alhamis, a shekarun da ake dakon labarin sojojinmu da aka kai yaƙin Bama, aka kira ni zauren Kawu Garba a Taloka. Na san lokacin ne domin masinjan da ya kawo takarda daga Goronyo yana da agogo a hannu, kuma sau biyu ya duba shi don mu gani. Mu biyar ne a zauren: Kawu, da mahaifina, da liman, da masinjan, da ni. Ta shida ita ce Inna Hajo, matar Kawu, tana laɓe a bayan ƙofar ciki tana saurare. Shekaruna sha ɗaya, ƙafafuna duk taɓon fadama.

Kafin in faɗi abin da na yi, sai na koma baya kwana uku, domin komai da jerinsa.

A zamanin ba a koyar da Turanci a elementare. Malaminmu ne ya ɗora wa kansa, ya ware mu 'yan babban aji, idan an tashi sauran yara sun fita wasan langa mu kuma mu zauna da sileti a cinya. Tsarinsa ɗaya ne. Kowane mako sai ya zaɓi kalmomin da suka haɗa haruffa, ya ba mu ɗaya a rana tare da ma'anarta, mu yi ta maimaitawa har maƙogwaro ya bushe. Yakan ce, "Kalmomi kamar 'yan uba ɗaya suke, kama ta yi yawa, amma kowa da halinsa." A wancan mako ya ce zai ba mu huɗu masu farawa da haruffa uku iri ɗaya, d da e da a. Ranar Litinin ya rubuta ta farko, dead, ya ce ma'anarta matacce. Ranar Talata ban je ba. Albasarmu ta fara laushi, mahaifina ya ce boko ba ya jan jigon ban ruwa, don haka kwana uku ina fadama ina karkata ruwa daga fangali zuwa fangali. Kalma ɗaya na samu cikin huɗu.

Takardar daga wajen Umaru ta fito, babban ɗan Kawu, wanda ya shiga soja shekara biyu kafin nan. Wani ma'aikacin asibiti ne ya rubuta masa ita da Turanci. Liman ya juya ta, ya ce ba harafinsa ba ne. Masinja ya ce aikinsa kawowa ne kawai. Sai Kawu ya miƙo mini, ya ce, "Ai ga namu ɗan boko. Ali, duba muna, mi tac ce?"

Na duba. Layuka ne cunkushe, ban gane komai ba sai sunan Umaru. Can sai idona ya faɗa kan haruffan nan uku a farkon takardar, na sake ganinsu a tsakiya. Harafi na huɗu ban tsaya kansa ba, don ban san akwai abin tsayawa ba. Manya huɗu sun zuba mini ido, kuma ban taɓa samun girma irin wannan ba. Na ce, "Kawu, ta ce ya mutu. Har sau biyu an rubuta." Liman ya yi salati. Daga bayan ƙofa muka ji faɗuwar Inna Hajo.

Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku, matar Umaru ta shiga takaba. Ranar Litinin na koma makaranta, na ari siletin wani ɗan ajinmu don in kwafi abin da ya wuce ni. Ga su a jere. Ta biyu deaf, wato kurma. Ta uku deal, wato ma'amala. Ta huɗu dear, wato abin ƙauna, kuma a gefe an rubuta cewa da ita Turawa ke buɗe kowace wasiƙa. Malam yana zaune taku biyar daga inda nake. Da a ce na tashi na gaya masa, da yammar nan zai bi ni Taloka ya karanta takardar, magana ta ƙare. Na tuna bulalarsa, na tuna ta mahaifina, na tuna yadda gari zai yi da ni. Na goge siletin, na mayar wa mai shi.

Wannan shirun shi ne laifina. Kuskuren farko na yaro ne, shirun kuwa da sanina na yi shi, kuma kullum sai na sake yinsa. Inna Hajo ta naɗe takardar a ƙyalle ta sa a ƙarƙashin tabarmarta. Ta rage cin abinci, ta daina zuwa rijiya. Idan na kai mata nono sai ta shafa kaina ta ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗan nan, kai kaɗai ka iya gaya min gaskiya." Ta rasu kafin ruwan shuka. Matar Umaru ta gama takaba, ta koma gidansu a Shinaka, ta yi wani aure.

Bayan an yanke gero Umaru ya shigo gari da jakarsa a kafaɗa. Mata suka watse da gudu suna salati. Shi kuwa yana ta murmushi yana tambayar ina Inna, ana ba shi amsa ba ya ji, domin ƙarar igwa ta kashe masa kunnuwa duka biyu. Sai da Kawu ya kama hannunsa ya kai shi maƙabarta ya nuna masa. Kowa ya ɗora laifin a kan Turawa, aka ce su suka rubuto ƙarya. Ba wanda ya dube ni.

Sau ɗaya na yi ƙoƙarin faɗa, na riga na zama saurayi. Muna cire albasa ni da Umaru, na tsaya a gabansa na zayyana masa komai tun daga ranar Litinin. Ya kalli bakina har na gama, ya ce da ƙarfi irin na kurame, "Mi kac ce? Yunwa ka ji?" Ya kwance ƙullin ƙosansa ya ba ni rabi.

Takardar tana hannuna yanzu, Kawu ne ya bar mini ita. Ta fara da gaisuwar ɗa ga ubansa abin ƙaunarsa, a tsakiya ta ce ya kurmance amma yana lafiya, a gaya wa Inna yana nan tafe. Yau jikokina suna rera irin waɗannan jerin kalmomi suna dariya, kuma kowace unguwa akwai masu karatu goma. A lokacinmu a Taloka ni kaɗai ne, da kalma ɗaya.

Abu biyu nake roƙon mai karatu. Idan aka miƙo maka takarda, ka bi ta har harafin ƙarshe, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Sannan ka yi wa Inna Hajo da Umaru Fatiha.