Kunnen Mai Dum-dum

Makon da mijin Inna ya rasu, saurayin da ke haya a saman benenta ya kashe lasifikokinsa, bai sake kunnawa ba sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Da zai koma aiki kuwa, tsofaffin katifu ya sayo ya shimfiɗe ɗakin kaf, don kwanukanta su huta da rawa a kabad.

Mai Dum-dum ake ce masa, saboda irin kiɗansa: ba mawaƙi, ba makaɗi, kwamfuta ce ke bugawa mutane su yi ta tsalle. Da gyaran rediyo ya fara, daga baya suka kafa kamfani shi da ƙanwarsa. Matasa su kawo kiɗansu, shi ya zauna a kujerar tsakiyar lasifikoki ya daidaita sautin, ita ta buga faifai ta kai wa masu sa kiɗa a gidajen rawa. Da kasuwar faifai ta mutu suka koma intanet, kamfanin bai mutu ba. Kowa ya sani, duk kiɗan da ya bi ta kujerar nan ba a mayar da shi.

Inna dai ba ta taɓa gane kan abin ba.

"Ɗan nan, wai yaushe za a fara waƙar?"

"Inna, ai har ta ƙare."

"To Allah ya sa albarka."

Furfura ta fara fito masa lokacin da Inna ta lura da wani abu. In ta gaishe shi a matattakala, sai ya juyo mata da kunnen hagu. Butar shayinsa ta tafasa ta yi ta ƙara, yana zaune kusa da butar bai ji ba. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ashe sirirrin sautuka ne suka fara guje masa. Da ya ji kamar babu su a cikin kiɗa, sai ya ƙara, ya sake ƙarawa. Sabon kiɗan da suka fitar ya dinga tsire kunnen masu rawa, aka cire shi tun bai kai rabi ba. Yaran kamfanin duk suka yi gum, kowa na jin nauyinsa.

Ƙanwar ce ta tare shi a bakin ƙofar Inna.

"Yaya, ƙusa ka zuba a ciki?"

"Lasifikokinsu ne na banza."

"Gidan rawa nawa, duk na banza? Mu je asibiti."

"Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai, wannan da ƙarfi na faɗa!"

Sun je. Da suka dawo ita ta haye sama, shi ya tsuguna a ƙofar Inna, tana kan darduma da carbinta. Ya ce ƙanwarsa ta iya aikin, tun tuni ma ta iya, shi ne dai ko tunanin ganin wani a kujerar nan ba ya so.

"Inna, ki sa ni a addu'a."

"Allah ya dawo maka da jinka."

"A'a, wannan kam likita ya gama magana, ba zai dawo ba. Ki roƙa min in iya tashi daga kujerar da kaina, kafin yarinyar nan ta ce min in tashi."