Tashar da Yaya Bai Sani Ba

Yayana malamin jami'a ne a Greensboro, kuma ba ka isa ka ci tuwo a gidansa ba sai ka sha lacca kan layin dogon da Amurkawa suka shimfiɗa daga gabas zuwa yamma. Wai shi ya ɗinke ƙasar, mu kuwa muna can muna barci. Na ji karatun nan har na haddace.

Sai ga Babanmu ya zo ziyara, mutumin da ya tsufa a aikin reluwe a Zariya. Ya saurari laccar tsaf, ya ce a kai shi tasha ya gani da idonsa.

Ashe Yaya bai san inda tashar take ba. Muka yi ta zagaye Gate City Boulevard, yana faɗa da wayarsa, ni ina baya ina danne dariya. Da ƙyar ya amsa cewa bai taɓa shiga jirgin ƙasa a nan ba.

Baba ya gyara hula. "Farfesa, mu namu mutuwa ya yi muka daina hawa. Kai da naka ke da rai, me ya hana ka?"