Ranar Da Ban Kashe Injin Ba

A shekarun da zan ba ku labari, wajen ƙarshen mulkin soja, ni magidanci ne a Gummi, da mata da 'ya'ya biyu, na kafa injin niƙa a bakin kasuwa. Kafin injin nan ni mutum ne mai son jama'a. Da yamma ina buga ƙwallo a filin firamare, duk Juma'a kuma in hau keke in tafi ƙauyenmu gaida Inna, mahaifiyata. Da aiki ya karɓe ni sai na watsar da duk wannan, ina ganin sha'anin marasa abin yi ne. Da an sallame asuba nake tayar da inji, ba na kashe shi sai magariba. Abinci ma a tsaye nake ci. Abokaina suka yi ta biyo mini, har suka gaji suka daina.

Abin da ban lura da shi ba, ƙarar nan har gida take bina. In na dawo, fari fat da gari, kunnuwana na ta shuu, ba na son kowa ya yi mini magana. Matata ta faɗi abu sau biyu, in ce ta cika surutu. 'Yata ta fari, wadda da take tarbo ni a zaure, ta koma da ta ji sallamata sai ta shige ɗaki. Ina cikin mutane wuni guda, amma ba wanda nake hira da shi. In karɓi kwanon dawa, in miƙa gari, shi ke nan.

Wata ranar kasuwa yayana ya zo a kan babur, ya tsaya bakin rumfa yana magana. Layin masu niƙa ya kai hanya. Na ji ya ambaci Inna da rashin lafiya, sauran ƙara ta cinye. Na ɗaga masa hannu, na ɗaga murya na ce zan shigo jibi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya babur ɗinsa. Sai daga baya na san abin da ya faɗa: Inna ta kwana uku ba ta ci komai ba, kuma ni take ta tambaya. Da na kashe injin nan na minti ɗaya, da na ji. Washegari da hantsi aka aiko mini ta rasu.

A zaman makoki na zauna gefen tabarma, mutane na magana ƙasa-ƙasa, ko rabi ba na kamawa. Yayana bai taɓa tayar da zancen ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na koma bakin inji na ƙara ƙaimi, don shiru ne ba na iya jurewa. Barci ya guje ni, kai ya riƙa sara, ƙirji ya yi nauyi, har wata rana jiri ya kwashe ni dab da bel ɗin injin.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya, 'yar Filato, ta auna ni ta ce jinina ya hau, jin kunnena kuma ya ragu. Ta tambaye ni yaushe rabona da tafiyar ƙafa, ko in zauna da wani mu yi dariya. Na ce mata na manta. Ta ce, "Malam, magani zan ba ka, amma magani ba zai zauna ya yi hira da kai ba."

Tun daga nan na fara toshe kunne da auduga, in rufe rumfa da la'asar, in taka har bakin gulbi in dawo. Watanni na yi ina wannan tafiya ni kaɗai, kafin na koyi tsayawa in gaisa da mutane kamar da. Jinin ya sauka, barci ya dawo, amma kunnena na hagu bai dawo ba.

'Yan'uwa masu neman na kansu, ban ce ku bar aiki ba. Ku dai yanka masa lokaci, ku motsa jiki, ku zauna da naku tun suna nan. Jikina ya jira ni har na gyara. Inna ba ta samu damar jira ba.