Kunnen Baba da Turmin Umma

Mahaifina ɗan gidan maharba ne. Tun yana yaro ya iya ɗura adaka, kafin ya zo aikin Hajji ya zauna a Jidda, ya auri Umma, aka haife mu a unguwar Ruwais. A iƙamarsa, wato takardar izinin zama, direba aka rubuta. Amma kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takarda, wani dattijo mutumin Ɗa'if da muke kira Ammi, ba don tuƙi yake ji da shi ba. Ammi ɗan wasan ta'ashir ne, wasan mutanen duwatsu da ake yi a biki. Mutum zai riƙe doguwar bindiga irin ta da, ya yi ta juyi da ita ana kiɗa, sannan ya daka tsalle, ya kifa bakinta ƙasa ya harba a ƙarƙashin ƙafafunsa. Babu harsashi, albarushi ne zalla. Hayaƙi ya turnuƙe, sai ka ga mutum kamar yana tsaye bisa gajimare. Baba ne ke yi wa Ammi ɗuri.

Ɗurin kuwa ba iri ɗaya ba ne. In ya yi yawa, bindiga ta ture mai tsalle ya faɗi a gaban jama'a. In ya yi kaɗan, ta yi ɗan fus, yara su yi ta dariya. Ga iskar Jidda mai laima, wadda ke shiga albarushi kamar yadda take shiga gishirin Umma. Baba yana da 'yan bututun tagulla na awo, kowanne ya ɗaura masa zare: ja, kore, baƙi, fari. Bai taɓa rubuta komai ba. Da kunne yake gane aikinsa, yakan ce kowane ɗuri da muryarsa.

Ina ajin ƙarshe na firamare kunnen ya fara gaza masa. Mu a gida mun sani, don sai Umma ta zagayo gabansa take yi masa magana, amma ya hana a faɗa a waje. A daidai lokacin aka sa ranar auren autan Ammi, shi kuma Ammi ya rantse sai ya yi tsalle a bikin, duk da ciwon gwiwa. 'Ya'yansa suka fara maganar a ɗauko wani saurayi daga Ɗa'if ya yi ɗurin. Ranar da Baba ya samu labari, shayinsa a gabansa ya huce.

Wata safiyar Alhamis, ba makaranta, ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya faɗarsa.

"Uwata, ɗauko sabon littafi da biro. Aron kunnenki zan yi."

Muka shiga motar ɗaukar kaya, muka nufi gonar Ammi a hanyar Usfan, inda Baba ke kai wa tumaki abinci. Ya sa na ja layuka a shafi: launin zare, gwangwanin da aka ɗebo albarushi, yanayin iska, sai murya. Ukun farko shi yake faɗa in rubuta. Murya kuwa tawa ce. Na zauna a mota ƙofa a buɗe, shi ya yi nisa ya harba a rairayi, ya dawo yana kallon bakina.

"Yaya ta ce?"

"Ta yi ƙara, Baba."

"Dukansu ƙara suke yi. Irin ta wa?"

Na rufe ido, na sake sauraronta a raina. "Kamar tarin tsohon nan mai share masallacinmu."

Ya sa na maimaita. Da ya gane, sai da ya dafa mota don dariya. "Rubuta haka."

Daga ranar muryoyi suka samu sunaye. Akwai tarin tsoho. Akwai murfin tukunya, mai kaifi da ke sa haƙora tsami. Akwai ƙofar maƙwabciya, wadda ke girgiza gilashin mota kamar yadda matar ke girgiza bangonmu in ta yi fushi da mijinta. Ni kuwa sai na riƙa ƙara abin da ba a tambaye ni ba: yadda hayaƙi ya kwanta a ƙasa kamar farin mayafi, yadda tumaki suka daina razana suna kallon Baba kamar sun gaji da shi. Yakan leƙo ya ce takarda ba ta ƙarewa ne, amma bai taɓa hana ni ba. In za mu dawo mu tsaya mu sayi burodin tamis mai zafi da dafaffen waken ful, mu bi ta bakin teku, ni ina karanta masa shafin ranar da ƙarfi, shi yana gyaɗa kai.

Wata rana ya harba, na ji wata murya daban. Mai zurfi ce, ba ta yaga kunne, tana sauka a ƙirji ta ɗan zauna. Na ce masa, "Turmin Umma, in ta daka gero da safe."

Wannan sautin ya san shi tun kunnensa garau. "Ita nake nema," ya ce.

Muka yi ta bibiyarta, ranar da iska ta bushe da ranar da ta jiƙe, muna rubuta zaren da ke fito da ita. Da Umma ta ji, sai ta ce, "Turmina ma kun kai shi littafi? To ku rubuta har da mai cinye abin da aka daka."

Ana saura kaɗan biki, Ammi ya same mu a gona tare da babban ɗansa. Ya yi wa Baba sallama ta baya. Baba yana durƙushe kan gwangwanayensa, bai waiwayo ba. Ammi ya tako wajen mota da sandarsa, ya tambaye ni da Larabci me nake rubutawa. Ban ga mafita ba, na karanta masa ina fassarawa. Da na zo kan tarin tsoho, ya yi ta dariya har shi ma ya sarƙe da tari.

"Wannan ai ni kike nufi, ya binti, 'yata."

Ɗansa ya matso. "Ka gani dai da idonka. Alhaji ba ya ji."

Ammi ya ce, "To ni ina ji ne? Wa ke maimaita mini huɗuba a mota kowace Juma'a, ba kai ba? Duk wanda ya daɗe da albarushi ya ba shi kunnensa, ni na riga shi ma. Shi ya samo sabon kunne, ni ban samu ba. Halas, magana ta ƙare, shi zai ɗura."

Ya zagaya gaban Baba, ya dafa kafaɗarsa, ya ɗaga murya. "Ya Hajji, turmin nan nake so. Ka kiyaye ni da ƙofar maƙwabciya, gwiwata ba za ta ɗauka ba."

Baba ya kalle shi, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Ranar biki gari ya waye da laima, har madubin Umma ya yi gumi. Baba ya sa na karanto masa shafukan ranakun da iska ta jiƙe, ya zaɓi koren zare, ya shanya albarushinsa a rana. Bayan la'asar aka taru a wani fili a unguwar Safa, kusa da gidan ango. Mata muka hau rufin gida. Samari suka yi wasansu, murfin tukunya na ta tashi. Sannan Ammi ya shigo da farar rigarsa, ya juya a hankali, ya juya kuma, ya yi tsallen da bai fi taki ɗaya daga ƙasa ba.

Turmin Umma ne, cif. Hayaƙi ya yaye, ga Ammi tsaye a kan ƙafafunsa, bindiga a sama. Mata suka ɗauki guɗa. Kowa Ammi yake kallo, ban da Baba, wanda ya ɗago yana laluben rufin gida. Na haɗa hannuwana biyu kamar mai riƙe da taɓarya, na ɗaga, na sauke. Ya ɗora hannu a ƙirjinsa.

A mota muna komawa Ruwais ya ce in buɗe littafi. Na rubuta zare da gwangwani da iska. Da na zo kan murya, ya tare biron da yatsa.

"Bar wannan, uwata, yau ni zan faɗa. Rubuta: na ji ta a tafin ƙafata, ta hau har ƙirji."

Na rubuta. Umma ta dafa shi ta nuna masa hanya. "Yalla, malam, tuƙa mu. Gobe akwai daka."