Foldar Waɗanda Suka Rigaye Mu

Ba a daɗe da sojoji suka koma bariki ba, wata ƙungiyar unguwa a Goron Dutse ta kira ni in ƙarasa mata shafin intanet na rajistar mambobi. Wanda ya fara aikin wani malamin makaranta ne, ya rasu bai gama ba. Tun ranar jana'izarsa kwamfutar da yake aikin da ita take kulle a ɗakin da ke jikin zauren sakataren ƙungiyar, wani dattijo mai sayar da yadi.

Marigayin ya zube komai wuri guda, hotuna da shafuka da fayilolin da ke tafiyar da shafin. Kwana uku ina rarrabewa. Na buɗe wa hotuna foldarsu, shafuka tasu, bayanan mambobi tasu. Folda ɗaya tak na tarar ya yi da hannunsa, ya sa mata suna "waɗanda suka rigaye mu". Daga cikinta shafin ta'aziyya yake ɗauko hotuna.

Bayan la'asar sakataren ya shigo, na buɗe masa ita. Yana kallo yana yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo kan wani mai jar hula sai ya nuna shi da yatsa.

"Ɗan nan, kai ka sa wannan?"

"A'a, Baba. Haka na same ta."

"Wannan ai shi ya wanke Malam. Sai bayan wata biyu ya bi shi."

Na duba ranar da aka ajiye hoton. Malam, wanda ya yi foldar, yana da rai a lokacin. Na ci gaba da dubawa. Saura hotuna uku a ƙasa. Sakataren ya leƙa, ya kau da kai.

"Duk suna raye," in ji shi. "Fitar da su."

Na mayar da su cikin foldar mambobi. Da na sake buɗe shafin ta'aziyyar, sai ga gurabe uku fayau suna jiran hotuna, don har yanzu shafin yana kiran sunayensu. Na bi layukan da ke kiran sunayen na goge.

Sakataren ya ce kada in gaya wa kowa, kuma ban gaya ba. Na ƙarasa aikin a gidanmu, ban sake zama a ɗakin nan ni kaɗai ba. Ɗaya daga cikin ukun maƙwabcinmu ne, shekaru muna sahu ɗaya a masallaci, kullum sai na tsaya na tambaye shi lafiyar jikinsa, shi kuma yana mamakin yadda na damu da shi.